Na Je Japan Rigima, Na Ƙare da Cin Ƙanzo a Kyoto

Gara in faɗi gaskiya tun da fari: ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Japan ba. Rigima na je yi. Shekara 6 ina sayen injinan mota na hannu a wurin wani dattijo mai filin fasa motoci a bayan garin Nagoya, ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Ni ina Kumasi, shagona na cikin Magazin ta Suame, shi yana can. In tura kuɗi, ya loda kwantena, bayan wata biyu in gangara Tema in fitar da kaya. Motocinsu sitiyarin dama ne, ba su shigo mana, shi ya sa inji da gaban mota da aka yanka kawai muke ɗauka. Lafiya lau muke tafiya har kwantenar da ta iso bayan babbar Sallah. A cikin injina 46, bakwai suka buga.

Duk wanda ya san Magazin ya san abin da hakan ke nufi. Makaniki ya ɗora wa mai tasi inji, bayan kwana uku mai tasi ya zo ya tsaya ƙofar shagonka yana ɗaga murya, maƙwabta suna leƙe. Kuɗin da na mayar wa mutane bai ci mini rai kamar sunana da ya taɓu ba. Ga shi biyu daga cikin injinan da kuɗin surukina aka sayo su. Na aika wa dattijon saƙo ya fi a ƙirga, amsa ɗaya ce kullum: muna dubawa. Da na gaji na nemi biza, na bi ta Dubai, na sauka farkon Nuwamba da takardu cike da jaka da maganganun da na yi ta haddacewa a cikin jirgi.

Mai yi mini tafinta wani ƙanenmu ne ɗan Nima ta Akra, shekararsa 11 a can, yana auren 'yar ƙasar. Kwana uku muna zuwa filin. Dattijon ya zagaya da ni ko'ina, ya nuna mini yadda ake zuƙe mai da ruwa kafin a fasa mota, ya ba ni koren shayi har sai da na ƙosa, amma maganar injina bakwai ko da wasa. Duk lokacin da na buɗe jaka sai ya ce akwai wani abu da yake so in gani. A rana ta uku da yamma ya ce gobe za mu Kyoto cin abinci. Na dubi tafinta na ce, "Kai, abinci na zo ci? Jibi fa jirgina zai tashi."

Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri ka je. Amma akwai sharaɗi. Ka sayi sabuwar safa. Ka cire zobe da agogo idan mun shiga. Kuma don Allah kada ka shafa turare."

Wannan na ƙarshen ya fi ba ni haushi. Ni da ko kasuwa ba na fita sai na ɗiga turare a hula, a ce in je gayyata haka nan kamar wanda ya fito daga gona? Ya ce ƙamshin abincin ba shi da ƙarfi, turarena zai kashe shi, ya kuma ɓata wa na ɗakin kusa. To, an ce idan ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemo ka ɗaura. Na mayar da kwalbar cikin jaka.

Daga Nagoya zuwa Kyoto minti 35 ne a jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya, Shinkansen. Kafin in gama gyara zama mun iso. Kyoto ce fadar sarkinsu tun shekarar 794, fiye da shekara dubu, kafin sarautar ta koma Tokyo, kuma har gobe mutanen garin suna ji da wannan. Ganyen itatuwa ya fara yin ja, ƙarfe biyar rana ta faɗi. Na haɗa Magariba da Isha a masauki, muka ɗauki tasi zuwa gefen unguwar Gion, muka sauka muka shiga wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa.

Babu allo, babu mai kiran ciniki. 'Yar fitila ce guda a bakin ƙofa, duwatsun ƙofar kuma a jiƙe alhali ba a yi ruwa ba. Tafinta ya ce yayyafa ruwa ake yi kafin baƙo ya iso, alamar an share an shirya ana jiransa. Sannan ya raɗa mini cewa gida irin wannan ba ya karɓar wanda bai sani ba, ko da kuɗinsa a hannu. Sai wani tsohon mai zuwa ya kawo ka, kuma duk abin da ka yi a ciki, sunansa ne a kai.

Nan na ɗan yi sanyi, domin wannan ba baƙon abu ba ne a wurina. Mahaifina da ya fara zuwa Kumasi fataucin goro, a gidan mai gida ya sauka a zango. Mai gida ne ya ba shi ɗaki da tuwo, shi ya kai shi wurin masu goro ya ce wannan baƙona ne. Da ya gudu da bashi, mai gida za a kama. Duk mu 'yan zango, daga Kumasi har Kwatano har Yawunde, a kan wannan igiyar iyayenmu suka rataya. Ga shi mutumin da na zo yi wa tijara ya ɗauki sunansa na shekara da shekaru ya ɗora a kaina.

Muka tuɓe takalma. Wata mata mai kimono, uwar gidan wurin, ta durƙusa ta gaishe mu, ta kai mu wani ɗaki mai shimfiɗar tabarmarsu, tatami. Ba komai a ɗakin sai gajeren tebur da wani ɗan lungu a bango inda aka rataye rubutu guda, aka ajiye reshe guda a cikin tulu. Na nufi kusa da ƙofa zan zauna, dattijon ya ƙi, ya nuna mini gaban lungun nan: wurin babban baƙo ke nan. Suka naɗe ƙafa suka zauna a kan dugadugai. Wannan kam bai ba ni wuya ba, zaman tahiya ne, har uwar gidan ta yaba.

Sai ga abin da nake tsoro. Ta shigo da 'yar kwalba da ƙananan kofuna, ta durƙusa a gefena za ta zuba. Gabana ya faɗi. Na san sake, giyarsu ta shinkafa, na kuma ji cewa ƙin karɓar kofin farko ba ƙaramin abu ba ne. Amma ko injina saba'in ne ba zan sha ba. Na ɗora tafin hannu a bakin kofin. Ɗakin ya yi tsit.

Uwar gidan ta yi magana a hankali, tafinta ya saurara, sai ya yi murmushi. "Alhaji, ɗaga hannunka. Ruwan lemo ne, yuzu suke ce masa. Babu giya a ɗakin nan yau." Ashe tun ranar da na aika da lambar jirgina, mako biyu da suka wuce, dattijon ya kira gidan. Ya gaya musu baƙonsa Musulmi ne. Mai dafa abincin ya cire sake daga girkin, ya cire mirin, ya nemo ruwan waken suya wanda ba a ƙara wa barasa ba, ya bar nama gaba ɗaya tunda ba su da yanka irin namu. Shi kansa dattijon, wanda yaransa suka gaya mini ba ya cin abincin dare babu kofi a gefe, shayi ya sha har muka tashi.

Bari in tsaya nan in ja kunnen 'yan'uwa masu zuwa Japan sayen kaya. Cewa "ba na shan giya" ba ta wadatar, domin su abin sha kawai za su fahimta. Giyar tana cikin tukunya. Mirin ɗin nan wani ruwa ne mai zaƙi da suke zubawa a kusan duk abin da aka dafa ko aka gasa, barasar cikinsa ta kai kashi 14 cikin ɗari. Sai ka ambaci sunan kowanne: sake, mirin, alade, nama. Kuma a faɗa tun lokacin kama wuri, ba bayan an zauna ba, domin abincin an tsara shi tun kafin ka fito daga gida. Wasu gidajen za su ce ba za su iya ba, cikin ladabi. Wannan ya fi maka.

Irin wannan cin abincin sunansa kaiseki. Ba ka zaɓar komai. Abin da lokacin shekara ya kawo shi za a ba ka, kwano bayan kwano, ba a kawo wani sai an ɗauke wani. Na farko da aka ajiye mini wani ɗan itace ne ja kamar tumatir, kaki, an rarake cikinsa an mayar da naman haɗe da niƙaƙƙen awara da riɗi. Loma biyu. Na yi bisimilla, su suka haɗa tafin hannu suka ce itadakimasu, na kai lomar farko, na kai ta biyu, shi ke nan. Na tuna da kilishin da ke cikin jakata a masauki, raina ya ɗan kwanta. A gidana idan aka ajiye wa baƙo abu kamar wannan, ai sai dangi sun zauna a kan maganar.

Dattijon ya lura da fuskata. Ya sa tafinta ya gaya mini ma'anar sunan: dutsen ƙirji. Wai masu ibadarsu na da, da ba sa cin abincin dare, dutse suke ɗumamawa su cusa cikin riga don su yaudari yunwa. Daga baya masu shan shayi na gargajiya suka ɗauki sunan suka ba ɗan abincin da ake ci kafin shayi, kuma wanda ake jingina wa tsarin shi ne Sen no Rikyu, da ya rasu a 1591. Na ce a gaya masa mu ma muna da dutse a maganarmu, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Ban sani ba ko ya gane cewa da shi nake.

Romon kuwa shi ya biyo baya, kuma shi ne abin da har yau nake tunawa. An kawo shi a cikin 'yar butar ƙasa kamar ta shayi, da ɗan kofi a kife a kan murfin. Ka tsiyaya a kofin, ka matsa ɗan koren lemo, ka kurɓa. A ido ruwa ne zalla, babu mai, babu yaji, babu kala. Na kai baki ina shirin yin ƙarya in ce da daɗi. Wallahi sai na ji bakina ya cika. Wani ɗanɗano ne mai nauyi da ke zama a bayan harshe, kuma na san shi, na rasa a ina.

Da na buɗe murfin akwai naman kaza da suke kira matsutake, wanda ba ya nomuwa, sai dai a tsinto shi a gindin itatuwa a daji, shi ya sa yake da tsadar gaske. Akwai jatan lande guda, akwai farin kifi, hamo, dogo ne kamar maciji, jikinsa duk ƙananan ƙayoyi. Ba a iya zare su, sai mai dafawa ya bi shi da wuƙa yana yanka sama da ashirin a cikin santimita 3, ba tare da ya huda fatar ba. Kyoto ba ta bakin teku, kuma a zamanin da ake ɗauko kifi a ƙafa hamo ne mai taurin ran da ke isowa da rai. Amma ni ruwan ne ya dame ni. Na tambaya me aka sa.

Abu biyu, in ji uwar gidan: busasshen ganyen teku, kombu, da busasshen kifi da ya yi tauri kamar itace, ana kankare shi. Dashi ke nan, shi ne gindin girkinsu duka. Sai tafinta ya ƙara da nasa: "Alhaji, ka san farin magi? Daga nan ya fito." Ashe wani malamin jami'a a Tokyo, Ikeda Kikunae, shi ya zauna a 1908 ya tace ganyen nan har ya ware abin da ke ba shi wannan ɗanɗano, a shekarar da ta biyo aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Wato ƙullin da matanmu ke saye a Kejetia jikan wannan romon ne, sai dai jikan ya yi nisa da kakan. Ni kuwa sai a lokacin na gane inda na san ɗanɗanon: daddawa. Na ce a gaya wa dattijon cewa waken nan mai yauƙi da aka ba ni da safe a masauki, natto, warin daddawar kakata yake yi sak. Ya tambaya yaya ake yin daddawa. Na kwatanta masa kalwa, da dafawa, da rufewa kwana uku. Ya buga cinya ya yi dariya, karo na farko tun zuwana.

Ɗanyen kifi ya zo, ba zan yi muku ƙarya ba, da kyar. Farin ya wuce lafiya, yana da ɗan zaƙi. Jan ma haka. Koren yajinsu, wasabi, ba a harshe yake tsayawa ba, hanci yake hawa ya sauko da hawaye. Amma akwai wani abu ruwan ɗorawa mai laushi da aka ciro daga cikin bushiyar teku, wannan kam na haɗiye shi ne da shayi ina kallon rufi, kuma ko kyauta aka ba ni ba zan ƙara ba. Bayansa aka kawo faranti mai kusurwa huɗu da aka jera wa ƙananan abubuwa na tudu da na ruwa a cikin jajayen ganye, saura kaɗan in cinye ganyen ado. Sai gasasshen kifi da gishiri kawai, ɓawonsa na ƙaras-ƙaras. Sai dafaffen kayan lambu a wani baƙin kwano mai sheƙi, mara nauyi kamar ƙwarya, wanda aka ce ya girmi duk wanda ke ɗakin. Nan na gane dalilin cire zobe.

Kusan awa biyu ke nan. An yi hirar jikokinsa, an yi ta farashin ƙarfe, an yi ta sanyi. Na zunguri tafinta da gwiwa na ce, "Tada maganar injinan nan." Ya ce, "Bari, Alhaji. Shinkafa ba ta zo ba tukuna."

A wurinsu shinkafa ce ƙarshe. Mai dafa abincin da kansa ya shigo da tukunyar ƙasa, ya durƙusa, ya buɗe a gabana. Farar shinkafa ce zalla, sabuwar girbin bana, tana ƙyalli, tururi na tashi. Ba wake, ba mai, ba miya a kai, sai ɗan kayan tsami a gefe da romon miso. Mu da muka saba da waakye da shito da ƙwai da taliya a ganye guda, sai ka ce wasa ake. Amma na cinye kwanon tas, abin da ban taɓa yi wa gayan shinkafa ba. Ya karɓi kwanon ya kankaro gindin tukunyar, ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai ba da kyautar sarki.

Ƙanzo! Na kasa riƙe dariya. Abin da yara ke kokawa a kai a bayan madafa, abin da matata za ta ji kunyar duniya idan baƙo ya gani, shi aka ajiye wa babban baƙo. Okoge suke ce masa. Dattijon ya ce shi ma suna yara uwarsu ke raba musu shi, don kada a yi faɗa.

Yana gama faɗin haka ya ajiye tsinkayen cin abincinsa a jere, ya ciro ambulan daga cikin kwat. Takarda ce da lambobin injina bakwai. Ya ja baya daga teburin, ya dafa tabarma da hannu biyu, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Mutumin da ya haife ni. Na rasa inda zan sa idona.

Biyar laifinsa ne, in ji shi. Mai gwada masa injina ya bar aiki, sabon yaron ya loda su ba tare da ya tayar ba, shi kuma bai bincika ba. Zai sa biyar a kwantena ta gaba, ba zan biya ko yen ɗaya ba. Amma biyu bai yarda ba. Ya buɗe waya ya nuna mini su suna aiki, da kwanan wata, da lamba a jiki.

Duk maganganun da na haddace a jirgi suna nan a bakina, kuma da na matsa, ina jin da ya ba ni bakwai ɗin don kunyar ɗakin. Sai dai ni na san abin da shi bai sani ba. Ɗaya daga cikin biyun, yaron makaniki ne ya tayar da shi babu isasshen mai, an gaya mini tun a Kumasi, na yi shiru na haɗa shi cikin lissafi. Na dubi ƙanzon da ke hannuna. Na ce wa tafinta, "Gaya masa na bakwai nawa ne." Ya dube ni. Na ce, "Gaya masa mana." A kan na shida muka yi ta ja, cikin ladabi amma ja ne na gaske, shi da hotonsa, ni da shaidar makanikin da na yarda da shi shekara ashirin. Ba wanda ya gamsar da wani. Muka raba asarar biyu.

Kada wani ya ɗauka na ci riba. Kuɗin kwastan a Tema ni zan sake biya, kuma idan aka haɗa kuɗin jirgi da masauki, tafiyar ta kusa cinye injinan. Na tambayi tafinta daga baya me ya hana shi faɗin wannan a waya tun watan Yuli, ya hutar da ni. Ya ce mutanen zamaninsa ba sa ɗaukar haƙurin waya a matsayin haƙuri. Na ce to da ya gaya mini in zo mana. Ya ce ai ka zo.

Aka kawo ɗan yankan 'ya'yan itace da koren shayi mai kumfa, mai ɗaci. Ga mamakina na ƙoshi har wuya. Ban ga an kawo takardar kuɗi ba, ban ga an biya ba, wai sai daga baya za a aika masa. Tafinta ya ce wuri irin wannan ba ya gaza yen 30,000 kowane kai, wajen dala 200 ke nan, mu uku. Na sa hannu a aljihu zan ba uwar gidan ɗan goro, ya kama mini hannu ya ce kul, ba a yi. Ita ce ma ta miƙo mini ƙunshi: sauran shinkafar tukunyar ce aka dunƙula, wai ta karin kumallo.

A ƙofa ita da mai dafa abincin suka fito cikin sanyin nan suka tsaya. Muka yi sallama muka kama lungu. Na waiga, suna nan a sunkuye. Na ƙara tafiya na waiga, suna nan. Sai da muka sha kwana.

Ƙarfe tara da rabi na dare na isa masauki, a Kumasi rana ta take tsaka. Na kira uwargida, na gaya mata yadda muka ƙare da injina, ta ce alhamdu lillahi, za ta sanar da yayanta. Sannan ta ce, "To, me suka ba ka a gidan manyan?"

Na ce kifi.

"Nama fa?"

Na ce babu.

"Miya?"

Na ce akwai, amma kamar ruwa take.

"To me ka ci ka ƙoshi, Alhaji?"

Na ce ƙanzo.

Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can sai ta ce, "Nawa ma ka ce ka biya kuɗin jirgi?"